Sharhi a kan Kalmomin Yaƙi a Labaran Hausa: "Ƙarfi", "Soja" da "Ƙawance" a Kunnen Mai Sauraro na Parakou da Djougou

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka fara kai wa sojojin Jamhuriyar Benin hare-hare a kan iyakarsu ta arewa, sunan wannan ƙasa ya shiga sahun ƙasashen da ake ambata a labaran tsaro na Hausa, tare da Mali da Burkina Faso da Nijar. Yawancin waɗannan labarai fassara ce. Akan rubuta su da Faransanci ko Ingilishi, sannan ɗan jarida ya juya su zuwa Hausa cikin gaggawa, a karanta a rediyo ko a watsa a Facebook da WhatsApp. Wannan takarda sharhi ce a kan irin wannan fassara. Ta ɗauki kalmomi uku da suka fi yawo a cikin labaran, wato "ƙarfi" da "soja" da "ƙawance", domin a ga ko suna ɗaukar nauyin ma'anar da aka ɗora musu.

An zaɓi waɗannan kalmomi ne saboda su ne ginshiƙin muhawarar da ake tafkawa a zaure da tasha da bakin kasuwa. Shin Benin ta bi sahun maƙwabtanta na Sahel ta nemi taimakon Rasha? Shin a wajabta wa matasa shiga soja? Da wa ya kamata a haɗa kai? Amsar da mutum zai bayar ta dogara ƙwarai a kan kalmomin da aka kawo masa labari da su. Jimlolin da aka sa wa lamba a cikin takardar an gina su ne domin koyarwa, bisa tsarin da kunne ya saba ji, ba a ɗauko su daga bakin wani gidan rediyo ba.

2.0 Mai Sauraro da Muhallinsa

Parakou ita ce hedkwatar jihar Borgou, Djougou kuwa ta jihar Donga, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 150 ba. Dukkansu tsofaffin zangon fatake ne a kan hanyar goro wadda ta taso daga ƙasar Hausa, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Borgu, ta nufi Salaga a Gwanja. Har yanzu akwai unguwar Zongo a kowane ɗaya daga cikin garuruwan biyu. Sai dai Hausa ba ita ce mai rinjaye ba. Dendi ne harshen kasuwa, ga Bariba da Fulatanci a Parakou, ga Yom da Lokpa a kewayen Djougou, sannan Faransanci ne harshen ofis da makaranta.

Abin lura a nan shi ne, labaran Hausa da Bahaushen Parakou yake ji, kusan dukkansu daga waje suke zuwa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Jamus a 1963, na RFI a 2007, ban da tashoshin Nijeriya da na Nijar. Mai fassara a waɗannan wurare yakan sa mutumin Kano ko na Maraɗi a gabansa, da wuya ya tuna da na Borgou. Alhali kuwa labarin ya shafi na Borgou kai tsaye. Layin dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya tun 1936, saboda haka garin ya daɗe yana rayuwa a kan lodin kayan Nijar zuwa Malanville da Gaya. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha su ne suka fara ji a jika. Haka kuma cibiyar horar da sojoji ta Bembèrèkè tana arewa da Parakou a kan hanyar Kandi. Ke nan ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya mai ɗa a bakin daga da kuma dangi a Gaya ko Dosso.

3.0 Abubuwan da Suka Faru a Taƙaice

A watan Mayu na 2019 aka sace wasu Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan jagoransu. A ƙarshen 2021 aka kai wa sojoji hari a Porga, kusa da iyakar Burkina Faso. A farkon 2022 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta kafa rundunar da ta kira Mirador, mai sojoji kimanin 3,000, sannan a 2023 ta ba da sanarwar ɗaukar ƙarin mutum 5,000. A watan Janairu na 2025 kafofin labarai suka ruwaito mutuwar sojoji 28 a wurin da iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu, a cikin gandun dajin W. A ranar 17 ga Afrilu na wannan shekara aka sake kai hari a yankin. Gwamnati ta ce sojoji 54 suka rasu, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida kuwa ta yi iƙirarin kashe 70. A ranar 7 ga Disamba, 2025, wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Pascal Tigri suka yi yunƙurin kifar da gwamnati a Kwatano, suna kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro a arewa, amma aka murƙushe su da taimakon jiragen yaƙin Nijeriya.

4.0 Kalmar "Ƙarfi"

A duba wannan jimla:

(1) Rasha tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarfin soja a duniya.

Ta fuskar nahawu babu abin gyara a cikinta, kuma ta fuskar ƙidayar makamai gaskiya ce. Matsalar tana cikin faɗin kalmar "ƙarfi". Bahaushe yana da ƙarfin jiki da ƙarfin hali da ƙarfin aljihu da ƙarfin iko, kuma a duk waɗannan kalmar tana tsayawa da ƙafarta, ba ta neman a faɗi aikin da za a yi da ita. Wanda aka ce yana da ƙarfi, mai sauraro yakan ɗauka zai iya kowane aiki mai nauyi. Kalmar Faransanci da ake yawan fassarawa da "ƙarfi", wato capacité, tana nufin ikon aikata wani abu sananne. Idan aka fassara ta da "ƙarfi" kawai, tambayar "ikon yin me?" ta ɓace a hanya.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su riƙe wannan tambaya ba. Akwai "iya" da "ƙwarewa" da "gwaninta", waɗanda kowace daga cikinsu tana jan abin da aka iya ko aka ƙware a kai. Haka kuma harshen yana bambanta yaƙin fito-na-fito da yaƙin sunƙuru, wanda wasu ke kira sari-ka-noƙe. Abin da ke faruwa a dajin W da na Pendjari sunƙuru ne: mutane a kan babura, nakiya a binne a kan hanya, farmaki da asuba, sannan a ɓace cikin daji.

Da zarar an tsayar da tambayar a kan sunƙuru, tarihi yana da abin cewa. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afghanistan a 1979, ta fita a 1989 bayan ta rasa sojoji kimanin 15,000, ba tare da ta karya mujahidan ƙasar ba. A yaƙin Chechniya na farko, daga 1994 zuwa 1996, an tura ƙananan sojoji marasa horo sosai cikin birnin Grozny, suka yi mummunar asara, yaƙin kuma ya ƙare da janyewar Rasha. A yaƙi na biyu, wanda ya fara a 1999, ta yi nasara, amma sai da ta rushe birnin, ta kuma jawo Akhmad Kadyrov, wanda a dā yake cikin 'yan tawaye, ta damƙa masa mulki. Da ɗan gari akan ci gari. A Siriya jiragen Rasha sun tsayar da gwamnatin Bashar al-Assad daga 2015, amma a watan Disamba na 2024 gwamnatin ta faɗi cikin 'yan kwanaki. A Mali, mayaƙan Wagner sun taimaka wa sojojin ƙasar suka kama Kidal a watan Nuwamba na 2023, sannan a ƙarshen Yuli na 2024 aka yi musu kwanton ɓauna a Tinzawaten aka kashe da dama daga cikinsu. A watan Satumba na wannan shekara JNIM ta kai hari cikin Bamako, a Satumba na 2025 kuma ta tare hanyoyin shigar da man fetur cikin ƙasar.

Wannan ma'auni bai tsaya a kan Rasha kaɗai ba. Rundunar Barkhane ta Faransa ta kai sojoji fiye da 5,000, ta yi aiki daga 2014 zuwa 2022, amma ta bar Sahel rikicin yana ƙara faɗi. Saboda haka gyaran da ake nema bai shafi yabon wata ƙasa ko kushe ta ba. Abin da ake buƙata shi ne mai fassara ya raba jimla (1) gida biyu idan maganar ta shafi sunƙuru:

(2) Rasha tana da makamai da dakaru masu yawa. Ƙwarewarta a yaƙin sunƙuru kuwa, ana jayayya a kanta.

Jimla (2) ta fi tsawo, amma ta bar wa mai sauraro ƙofar yin tambaya.

5.0 Kalmar "Soja" da Aikatau "Ɗauka"

Kalmar "soja" aro ce daga Ingilishi, kuma ta zauna daram a Hausa har ta haifi wasu, kamar "sojan gona". Sai dai kalma ɗaya ce ake rufe mutum huɗu da ita: wanda ya nemi aikin da kansa ya mai da shi sana'a, da wanda doka ta wajabta masa na wani lokaci, da ɗan sa-kai, da kuma sojan haya. Na biyun nan, wanda Faransanci ke kira conscrit ko appelé, shi ne ba shi da tsayayyen suna a Hausar labarai. Dalili kuwa a fili yake: Nijeriya, inda mafi yawan masu fassara suka fito, ba ta da tsarin wajabta aikin soja tun samun 'yanci, don haka harshen jarida bai matsu ya ƙirƙiro kalmar ba.

Wannan giɓi yakan sa a koma ga aikatau "ɗauka", wadda ita ma tana da nata tarko. A duba:

(3) An ɗauki matasa aikin soja.
(4) An ɗauke matasa an kai su bakin daga.
(5) An ɗauke su.

A rabe-raben aikatau na Parsons, "ɗauka" ta jimla (3) tana aji na 2, kuma ita ce ake amfani da ita wajen ɗaukar ma'aikaci. "Ɗauke" ta jimla (4) tana aji na 4, tana nuna kawar da abu daga wurinsa gaba ɗaya, har akan ce an ɗauke wuta, ko ɓarayi sun ɗauke mutum. Rikicin yana cikin jimla (5). Idan wakilin suna ya biyo bayan aikatau na aji na 2, wasalinta na ƙarshe yakan koma "e", sai rubutunta ya zo daidai da na aji na 4. Karin sauti kaɗai ke raba su: ƙasa-sama a aji na 2, sama-ƙasa a aji na 4. A rediyo kunne zai raba. A rubutun Facebook kuwa, inda ba a sa alamar karin sauti, uwar da ta karanta jimla (5) ba za ta san ko an ba ɗanta aiki ba ne ko an yi awon gaba da shi.

Ga mutanen arewacin Benin wannan bambanci yana da tsohon tabo. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗibar samari da Faransa ta yi domin soja da aikin tilas yana cikin dalilan boren da Bio Guéra ya jagoranta a ƙasar Borgou a 1916, da wanda Kaba ya jagoranta a duwatsun Atakora daga 1916 zuwa 1917. A 1919 Faransa ta mai da wajabta aikin soja doka a yankunanta na Afirka ta Yamma. A ɓangaren Nijeriya, Hausawa sun sa wa kwasar mutane aikin tilas a zamanin Turawa suna "ɗiban gwamna". Tun kafin wannan akwai "gayya", wadda take kiran jama'a ne zuwa aikin da ya shafi kowa, noma ko gyaran ganuwa ko yaƙi, kuma wanda ya ƙi fita kunya ce hukuncinsa na farko. Ke nan harshen ya riga ya raba kiran da jama'a suka yarda da shi da kwasar da aka yi musu da bulala. Hausar labarai ce ta haɗe su.

Takardar nan tana ganin ya dace a yi amfani da "sojan wajibi" ga wanda doka ta hau kansa kamar yadda ta hau kan sa'o'insa, a bar "tilas" ga wanda aka zaɓa aka tura ba da son ransa ba. Misalai uku za su nuna amfanin rabewar. A Rasha aikin wajibi wata 12 ne tun 2008, kuma daga 2024 ya shafi maza 'yan shekara 18 zuwa 30. Kiran mutum 300,000 da aka yi a watan Satumba na 2022 saboda yaƙin Yukiren wani abu ne dabam, domin ya shafi waɗanda suka riga suka yi aikin soja suka koma gida. Waɗanda aka tura Mali kuwa ba sa cikin ko ɗaya daga cikin biyun, 'yan kwangila ne. Mai sauraron da aka ce masa "sojojin Rasha" a duk wuraren uku zai zaci runduna ɗaya ce za ta zo masa.

Misali na biyu Burkina Faso ce. A 2020 ta kafa rundunar farar hula mai suna VDP, wadda ake fassarawa da "'yan sa-kai", kuma fassarar ta dace da sunan. Amma bayan dokar gayyar gama-gari ta watan Afrilu na 2023, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton tura 'yan jarida da masu sukar gwamnati da alƙalai bakin daga da ƙarfi. Wanda aka kama a gidansa aka sa masa kaki ba a ce ya sa kai ba. Kiransa ɗan sa-kai ƙarya ce da kalmar ta yi a madadin mai fassara. Misali na uku Benin ce da kanta. A 2007, zamanin Shugaba Boni Yayi, an kafa wani tsarin bautar ƙasa na soja wanda ya tura matasa koyarwa da aikin asibiti. Ɗaukar mutum 5,000 ta 2023 kuwa neman aiki ce, mai so ya kai takardunsa. Jimla (3) ce ta dace da ita.

Saura "sojan haya". A Benin wannan suna yana da nauyi na musamman, domin a ranar 16 ga Janairu, 1977, wasu sojojin haya ƙarƙashin Bafaranshe Bob Denard sun sauka a filin jirgin saman Kwatano da nufin kifar da gwamnatin Mathieu Kérékou, aka fatattake su. Don haka kalmar hukunci ce, tana zuwa da zargi. Gwamnatin Mali ta dage cewa Rashawan da suka zo mata daga ƙarshen 2021 "masu horarwa" ne, ƙasashen Yamma suna cewa sojojin haya ne. Aikin mai fassara shi ne ya jingina kowane suna ga mai shi. Bugu da ƙari, tun da Wagner ta ba da sanarwar barin Mali a watan Yuni na 2025, aka bar rundunar Africa Corps wadda take ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha, ci gaba da cewa "sojojin hayar Wagner" a kan kowane Barashe ya zama saba-da-baki.

6.0 Kalmar "Ƙawance"

Asalin wannan kalma "ƙawa" ce, wato abokiyar mace. Ƙawance a al'ada zumunci ne tsakanin tsara biyu, mai sharuɗɗa sanannu: kowace tana halartar bikin 'yar'uwarta, tana kai gudummawa, kuma ana rama mata. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya bayyana wannan al'ada a ƙasar Zazzau. Abubuwa biyu ke cikin kalmar, daidaito da ramuwa. Da aka ɗauke ta aka kai fagen siyasar duniya, ta tafi da ƙamshin nan nata, ko da kuwa dangantakar da ake magana a kai ba ta da shi.

Idan aka auna da wannan, yarjejeniyar Liptako-Gourma da Mali da Burkina Faso da Nijar suka sa wa hannu a ranar 16 ga Satumba, 2023, ta cancanci sunan ƙawance, domin ta tanadi cewa harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka. Dangantakar Mali da Wagner kuwa biya aka riƙa yi a yi aiki, sunanta a Hausa kwangila ko ciniki. Abin da Shugaba Paul Kagame na Ruwanda ya faɗa a ziyararsa ta Kwatano a watan Afrilu na 2023, cewa ƙasarsa a shirye take ta taimaka ta fuskar soja, alkawari ne. An ɗauki alkawarin da muhimmanci saboda sojojin Ruwanda sun ƙwato garin Mocímboa da Praia na Mozambik a 2021, a yankin da mayaƙan Wagner suka gwada a 2019 suka janye. Abin da Nijeriya ta yi a ranar 7 ga Disamba, 2025, ɗauki ne ta kai. Horo da kayan aiki da Faransa da Amurka suka bai wa sojojin Benin gudummawa ce. Ga kuma "taron dangi", wanda shi ne sunan da kowane ɓangare yake sa wa ƙawancen abokin hamayyarsa. Kalmomi shida ke nan, kowace da gurbinta, amma labarai sukan cusa su duka cikin "ƙawance" ko "haɗin gwiwa".

Illar wannan ita ce ta ɓoye wa mai sauraro inda gizo yake saƙa. Mafi munin hare-haren 2025 sun auku ne a mahaɗar iyakoki uku, a cikin dajin da bai san iyaka ba. A watan Satumba na 2023 Nijar ta soke yarjejeniyar sojan da ke tsakaninta da Benin, tana zargin ta da ba Faransa wurin shirya mata hari, zargin da Benin ta musanta. A watan Janairu na 2025 ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris kuma Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda Benin ma take ciki. Bayan harin Afrilu gwamnatin Benin ta koka da rashin haɗin kai daga ƙetaren iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmar da ta fi dacewa da abin da aka rasa a nan ita ce "maƙwabtaka", da haƙƙoƙinta da kowane Bahaushe ya sani, kuma ita ce aka fi ƙarancin ji a labarai. Muhawarar Rasha ko Faransa ta danne ta.

7.0 Lamirin "An" da Sunan Abokin Gaba

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata a taɓo. Na farko shi ne lamirin "an", wanda yake ba Hausa damar faɗin aiki ba tare da ambaton mai yi ba.

(6) An kashe ɗaruruwan mutane a Moura.

A watan Maris na 2022 rundunar Mali ta ce ta kashe 'yan ta'adda 203 a wannan gari. A watan Mayu na 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa sojojin Mali da wasu baƙin dakaru sun kashe mutum aƙalla 500, mafi yawansu farar hula, Mali kuma ta yi watsi da rahoton. Jimla (6) ta haɗiye wannan saɓani duka. "An" tana da amfani idan ba a san mai aikin ba, ko wajen ladabi. Idan kuwa akwai wanda ake zargi da wanda ya yi zargin, amfani da ita ɓoyo ne.

Na biyu shi ne sunan da ake kiran masu kai hari: "'yan ta'adda", "'yan bindiga", "'yan tawaye", "masu iƙirarin jihadi". A Nijeriya "'yan bindiga" ta fi nufin ɓarayin daji masu satar mutane don kuɗin fansa, saboda haka ɗora ta a kan JNIM yana rage girman abin. "Masu iƙirarin jihadi" ta fi tsawo, amma tana da kyau domin ta jingina da'awar ga masu yin ta, ba ta sallama musu ita ba, kuma wannan yana da muhimmanci a gari irin Djougou mai yawan malamai da makarantun allo. Mafi haɗari shi ne a maye gurbin sunan ƙungiya da sunan ƙabila. Fulani makiyaya suna cikin waɗanda rikicin ya fi cutarwa a yankin, kuma jimla ɗaya da ta haɗa sunansu da na maharan tana iya jawo wa bayin Allah kamu ko duka a kasuwar shanu.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa rauni a fassarar labaran tsaro ba daga talaucin Hausa yake ba. Harshen yana da "ƙwarewa" kusa da "ƙarfi", yana da "gayya" da "wajibi" da "tilas" da "sa-kai" da "haya", yana da "ƙawance" da "kwangila" da "alkawari" da "ɗauki" da "maƙwabtaka". Gaggawa da sabo su ne suke sa a riƙe kalma ɗaya a watsar da saura. Su kansu hukumomin soja sun san nauyin kalma: rundunar Nijeriya ta arewa maso gabas ta amsa sunan Lafiya Dole daga 2015, sannan a 2021 aka sauya shi zuwa Haɗin Kai. Tun da kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ana sa ran takardun hukuma da sanarwar soja da za a riƙa fitarwa da ita za su ƙaru, buƙatar tsayayyun kalmomi ma za ta ƙaru.

Ana shawartar ɗalibi ya ɗauki labarin tsaro guda ɗaya daga tashoshi biyu dabam-dabam, ya rubuta shi kamar yadda ya ji, ya ja layi a ƙarƙashin kowace "an" da kowane "ƙarfi" da "soja" da "ƙawance". Daga nan ya tambayi kansa wane ne ya yi aikin, ikon yin me ake nufi, wane irin soja ne, kuma wa yake biyan wa. Bayan haka ya sake rubuta labarin yadda direban da ke jiran lodi a tashar Parakou, ko uwar da ɗanta yake Bembèrèkè, za su fahimci abin da ya faru ba tare da sun nemi mai yi musu ƙarin bayani ba.